Yadda ake binciken tasirin sauyin yanayi a kan lafiyar mutane, daga zaɓen tambaya har zuwa rubuta sakamako

Ɗalibai da yawa suna tambayata ta ina za su fara idan an basu wannan batu a matsayin furojet ko kundin digiri na biyu, kuma yawanci amsar da nake bayarwa ɗaya ce, shiyasa naga gara in zauna in rubuta ta sau ɗaya kowa ya amfana. Aikin yana da daɗi kuma yana da muhimmanci sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa jawo ƙarin mace-mace kusan 250,000 duk shekara ta hanyar tamowa da maleriya da gudawa da tsananin zafi kaɗai, kaga ba ƙaramin abu bane. Amma kuma fanni ne da mutum zai iya yaudarar kansa cikin sauƙi, ya haɗa layi biyu a giraf yaga suna hawa tare yace ya gano abu alhali bai gano komai ba. Kusan duk abinda zan faɗa a ƙasa don kauce wa wannan ne.

Kayan aiki

Kwamfuta, ba sai mai tsada ba, matsakaiciyar laftof ta isa in dai ba zaka sauke bayanan duniya gaba ɗaya ba. Sai intanet, da filash ko wani wurin ajiya na biyu don kwafin aikinka.

Manhajoji: R da RStudio don lissafi, kyauta ne kuma mafi yawan masu wannan fanni da su suke aiki. In ka iya Stata ba laifi. Excel don duba bayanai da ido ne kawai, kar ka dogara dashi wajen lissafin ƙarshe. QGIS don taswira, Zotero don tara takardun da ka karanta da jera manazarta, KoboToolbox idan zaka fita tattara bayanai daga bakin mutane ko kwafe rajistar asibiti da waya. Waɗannan ukun na ƙarshe ba'a biyan ko sisi.

Bayanai kashi biyu: na lafiya da na yanayi, zan yi bayaninsu a mataki na 4 da na 5. Sai takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, da littafin rubutu guda wanda zaka riƙa rubuta duk shawarar da ka yanke da ranar da ka yanke ta, misali "na cire watan kaza saboda ma'aikata na yajin aiki". Wannan littafin shi zai cece ka ranar kare kundi.

Sannan ka nemi mutum ɗaya da ya san lissafin ƙididdiga tun daga farko, ba sai ka gama tattara komai ba ka kai masa kace ya fitar maka da sakamako.

Mataki na 1: Ka matse tambayarka

"Tasirin sauyin yanayi a kan lafiyar al'umma" wannan ba tambaya bace, fanni ne guda, mutum zai ƙare rayuwarsa a ciki bai gama ba. Tambaya mai kyau dole ta ƙunshi abu huɗu: wane ɓangaren yanayi, wace cuta, su waye mutanen, a ina kuma wane lokaci. Misali: shin kwanakin da zafi ya tsananta suna ƙara yawan tsofaffin da ake kwantarwa da ciwon ƙoda a asibitin kaza tsakanin 2012 da 2022? Ko: shin ruwan saman wata biyu da suka wuce yana da alaƙa da yawan yara 'yan ƙasa da shekara 5 da gwaji ya tabbatar suna da maleriya? Kaga waɗannan ana iya amsa su da e ko a'a da kuma nawa.

Kafin ka wuce nan ka ɗauki takarda ka zana hanyar da kake zaton abin yake bi a jikin mutum ko a muhalli. Zafi yana sa gumi da ƙarancin ruwa a jiki, jini ya ragu zuwa ƙoda, zuciya ta ƙara aiki. Ruwan sama yana barin kududdufai, sauro ya hayayyafa, ƙwayar cutar ta girma a cikin sauron, ya ciji mutum, sannan zazzaɓi ya fito. Ambaliya tana haɗa ruwan sha da bahaya sai kwalara. Idan ka kasa zana wannan hanyar da hannunka to ko lissafi ya nuna maka alaƙa ba zaka iya kare ta ba.

Abu ɗaya na ilimi da dole ka riƙe anan: yanayin yau da gobe daban, sauyin yanayi daban. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya shekara 30 take ɗauka kafin ta ce ga yadda yanayin wuri yake a al'ada, yanzu ana amfani da 1991 zuwa 2020. To idan bayanan asibitinka na shekara 5 ne, abinda kake bincika shine alaƙar zafi ko ruwa da cuta, ba sauyin yanayi kai tsaye ba. Wannan ba aibi bane ko kaɗan, yawancin manyan binciken fannin haka suke, amma ka faɗi gaskiyar hakan tun a take, kar kasa take mai girman da bayananka basu kai ba.

Mataki na 2: Karanta abinda aka riga aka yi

Ka fara da babi na 7 na rahoton IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2022, na rukunin aiki na biyu, shine babin lafiya, sai rahoton Lancet Countdown da ke fita duk shekara. Waɗannan zasu baka hoton gaba ɗaya. Daga nan ka shiga rumbunan neman takardun bincike, PubMed da Google Scholar da AJOL, ka nemi cutarka da ɓangaren yanayinka, kuma duk kalmomin da ka nema da ranar da ka nema ka rubuta su. Idan takarda na kuɗi ce ka tambayi laburaren makarantarku ko suna da rajistar Hinari ta Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantu mujallun lafiya kyauta ko da rahusa, in babu ka tura wa marubucin imel kai tsaye, mafi yawansu suna turowa da murna.

Yadda nake so ka karanta: ka tsallake gabatarwa ka tafi sashen hanyoyin bincike. Daga ina suka samo bayanan yanayi, kullum ne ko wata-wata, jinkirin kwana nawa suka duba, me suka cire daga lissafi. Ka buɗe teburi kana cikewa takarda bayan takarda, kafin ka kai ta ashirin zaka ga tsarin aikinka ya fito da kansa. Akwai aikin da aka buga a Lancet a 2000 kan yaran birnin Lima na Peru lokacin El Niño na 1997 zuwa 1998, wato ɗumamar tekun Pasifik da ke ƙara zafi a yankin, inda aka ga a shekarun da suka gabace shi duk ƙarin digiri 1 na zafi yana zuwa da ƙarin kusan kashi 8 cikin 100 na yaran da ake kwantarwa da gudawa. Asibiti ɗaya ne, tambaya ɗaya, kuma har yau ana ambatonsa. Irin wannan girman aikin nake so mai farawa ya sa a gaba.

Mataki na 3: Izini

Ba'a fafe gora ranar tafiya, ka shigar da takardar neman izinin kwamitin ɗa'a da wuri domin yakan ɗauki makonni wani lokacin watanni. Kuskuren da ake yawan yi shine mutum yace ai tsofaffin rajista ne ba mutane zan taɓa ba, babu buƙatar izini. Akwai buƙata, kuma mujalla mai mutunci ba zata buga maka ba sai da lambar izinin. Wajen kwafe bayanai kar ka ɗauki suna, lambar waya ko cikakken adireshi, shekaru da jinsi da unguwa ko gunduma da rana da cuta sun isa. Kar ka ɗauki hoton shafin rajista ka barshi a wayarka yana yawo.

Mataki na 4: Bayanan lafiya

Anan ne aikin yake, wallahi fiye da rabin lokacinka anan zai tafi, kuma anan ne bincike yake gyaruwa ko ya lalace.

Wuraren samu: rajistar asibiti ta kwantarwa da ta marasa lafiya na waje, tsarin DHIS2 da ma'aikatun lafiya na ƙasashe da yawa ke amfani dashi, rahotannin sa ido kan annoba na mako-mako, rajistar mace-mace a inda take aiki, da manyan safiyo na lafiyar iyali da ake bi gida-gida irin DHS da MICS. Wanda zaka zaɓa ya danganta da tambayarka. Zafi yana kashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka binciken zafi yana son bayanan kullum, idan na wata-wata ka samu tasirin zai narke a ciki ba zaka ganshi ba. Maleriya da tamowa kuwa na mako ko na wata ya wadatar.

Ranar da ka buɗe rajistar takarda zaka fahimci abinda nake nufi. Shafi ɗaya an rubuta rana a sama sau ɗaya sannan sunaye arba'in a ƙasa, rabinsu na washegari ne amma ba'a sake rubuta rana ba. A gurbin cuta wani ya rubuta zazzaɓi, wani maleriya, wani ya sa gajerun haruffa da shi kaɗai ya san ma'anarsu, gurbin shekaru an rubuta babba kawai. Sai ka juya kaga daga 9 ga wata an tsallaka zuwa 23, ko dai shafukan sun yage ko littafin ya cika ba'a kawo sabo ba. To ka saurara da kyau: waɗannan kwanakin ba sifili bane, babu bayani ne. Idan ka cike su da 0 ka gaya wa kwamfuta cewa kwana goma sha uku babu wanda yayi rashin lafiya, kuma idan kwanakin sun faɗo lokacin zafi sai lissafi ya nuna maka zafi yana maganin cuta. Ka barsu fanko, a R ana sa NA.

Tun kafin ka fara kwafa ka rubuta ma'anar cutarka a takarda, misali maleriya ita ce wadda gwajin jini ko na gaggawa ya tabbatar kawai, kuma kar ka canza a tsakiya. Ka zauna da ma'aikacin da ke riƙe da rajistar, ka girmama shi, ka tambaye shi me ya faru a shekarun nan: yaushe aka fara gwaji, yaushe magani ya zama kyauta, yaushe aka buɗe wani asibiti kusa, yaushe aka yi yajin aiki. Abinda zai gaya maka a hira ɗaya babu shi a kowace kwamfuta.

In bayanan sun yi yawa ka samu mutum biyu su shigar da wani kaso daban-daban sannan a gwada, inda suka saɓa a koma littafi. Kuma ka kula da Excel, yana juya rana da wata ba tare da ya tambaye ka ba, 03/04 ya koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Ka rubuta duk ranaku da tsarin shekara-wata-rana, kamar 2019-04-03, shikenan ka huta.

Idan babu rajista mai kyau fa? Ka koma DHS, ana yin rajista a nemi izini a sauke, akwai awon tsayi da nauyin yara da tarihin haihuwa da wurin da aka yi tambayoyin. Amma ka sani da gangan ake gusar da wurin don sirrin mutane, har kilomita 2 a birni, 5 a karkara, kaɗan daga ciki har 10, saboda haka ka ɗauki matsakaicin yanayin kewayen wurin ba ɗigo ɗaya ba. Idan wannan ma bai yiwu ba kana iya yin bitar ayyukan da aka buga bisa tsarin PRISMA, wato ƙa'idojin rubuta irin wannan bitar, ko kayi hira da manoma, leburori, masu ciki da ma'aikatan lafiya kan yadda zafi ke shafarsu da yadda suke kare kansu. Wannan ma bincike ne cikakke, sai dai sakamakonsa abinda mutane suka gani ne kuma suka ji, kar ka rubuta shi kamar ka auna cuta.

Mataki na 5: Bayanan yanayi

Mafi kyau shine tashar auna yanayi da ke kusa da mutanenka, ta hukumar yanayi ta ƙasa, galibi a filin jirgi take. Ka nemi zafi mafi sama da mafi ƙasa na kullum, da laima, da ruwan sama. In tashar tayi nisa ko akwai giɓi da yawa ko an ƙi baka, akwai mafita kyauta a intanet:

ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ana saukewa daga rumbun Copernicus, yana da bayanan kowace awa tun daga 1940, ya raba duniya murabba'i-murabba'i, kowanne faɗinsa kusan kilomita 31. CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, na ruwan sama ne kawai, daga 1981, kusan kilomita 5, yana haɗa tauraron ɗan'adam da tashoshin ƙasa. NASA POWER shine mafi sauƙi ga mai farawa, ka danna wurin a taswira ka zaɓi ranaku ya baka fayil da Excel zai buɗe.

Gargaɗi uku, kuma duk ukun suna kama mutane. Na ɗaya, zafin ERA5 a ma'aunin Kelvin yake, sai ka cire 273.15 kafin ya koma Selshiyas, ruwansa kuma a mita yake ba milimita ba. Na biyu, agogonsa na UTC ne, wato agogon GMT, ka mayar dashi lokacin wurin da kake bincike kafin ka fitar da zafin rana. Na uku, NASA POWER yana sa -999 a inda babu bayani, CHIRPS kuma -9999, idan baka cire su ba ka ɗauki matsakaici zaka ga lambobin da basu da ma'ana, wani lokacin kuma basu yi munin da zaka lura ba, wannan yafi haɗari.

Idan kana da ko shekara biyu na tashar ƙasa, ka gwada su da waɗanda ka sauke daga intanet ka gani ko suna tafiya tare, ka sa wannan gwajin a kundinka. Kuma ka tuna murabba'i mai faɗin kilomita 31 bai san ɗakin kwano mai cunkoso a tsakiyar birni ba, zafin da mutum ke kwana a ciki yakan wuce abinda bayanan suka nuna, wannan ka ambace shi cikin gazawar bincikenka. Kar ka manta da zafin dare da laima, jikin da bai samu sanyi da dare ba shi yafi galabaita, kuma digiri 36 mai laima sosai yana iya fin 40 busasshe wahala saboda gumi baya bushewa.

Mataki na 6: Haɗa su ka kalla da ido

Teburi ɗaya, kowane layi rana ɗaya ko mako ko wata, ga adadin marasa lafiya ga zafi ga laima ga ruwa. Asalin fayilolin kuwa ka kulle su a wani wuri kar ka taɓa, duk gyara a rubutaccen umarnin R zaka yi don ka iya maimaitawa.

Kafin kowane lissafi ka zana giraf na cutar daga farkon shekarun har ƙarshe ka zauna ka kalle shi. Duk inda layi yayi tsalle ko ya faɗi kwatsam ka nemi dalili. Faɗuwar 2020 a wurare da yawa korona ce ta hana mutane zuwa asibiti. Idan kan maleriya kake, a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bada shawarar a riƙa gwaji kafin bada magani, a 2012 kuma ta amince da bai wa yara maganin riga-kafi lokacin damina a yankin Sahel, ga rabon gidan sauro, kowanne cikin waɗannan yana iya motsa lambobinka fiye da yadda ruwan sama zai motsa su. Idan sanƙarau ne a ƙasashen da ke tsakanin Senegal da Habasha, allurar MenAfriVac da aka fara a ƙarshen 2010 ta kusan kawar da nau'in A, to wanda bai san wannan ba zai danganta raguwar da yanayi.

Mataki na 7: Lissafi

Kuskure mafi girma a fannin nan shine mutum ya ɗauki ruwan sama na wata-wata da maleriya na wata-wata ya nemi alaƙar Pearson, lambar da ke nuna yadda abu biyu ke hawa da sauka tare, ya samu lamba babba ya rufe littafi. Duk abinda ke zuwa da damina zai nuna alaƙa da duk wani abin da ke zuwa da damina, kamar mutum biyu ne da suka hau mota ɗaya, isowarsu tare baya nufin ɗaya ne ya kawo ɗayan. Tambayar gaskiya ita ce: a shekarar da ruwan Agusta ya fi na sauran Agustoci, shin cutar ta fi yadda ta saba? Kafin ka amsa wannan dole ka cire zagayen shekara da kuma hawa ko saukar dogon lokaci, irin wanda ƙaruwar jama'a ko gyaruwar asibiti ke kawowa.

Hanya biyu nake ba masu farawa.

Ta farko rigireshan na jerin lokaci, wato lissafin da ke auna yadda adadin marasa lafiya ke canzawa da yanayi rana bayan rana ko wata bayan wata. Tunda ƙirga mutane kake, nau'in rigireshan da ake kira Poisson ake amfani dashi, amma bayanan asibiti kusan kullum sun fi warwatsuwa fiye da yadda Poisson ke zato, don haka ka ɗauki quasi-Poisson ko negative binomial. Ka saka lanƙwasasshen layin lokaci don ya shanye zagayen shekara, a bayanan kullum an saba da wajen 7 na 'yancin lanƙwasa a kowace shekara, wato lambar da ke tsara yawan lanƙwasar da layin zai iya yi, ka saka ranar mako da ranakun hutu domin asibiti baya cika ranar hutu kamar ranar aiki. In na wata-wata ne ka saka wata da shekara, da yawan jama'a idan kana dashi.

Ta biyu ita ce gwada mutum da kansa, tsarin da Malcolm Maclure ya fito dashi a 1991. Wanda aka kwantar ranar Talata 14 ga wata, sai ka gwada zafin ranar da na sauran Talatocin wannan watan na wannan shekarar, guda uku. Daɗinta shine shekarunsa da jinsinsa da talaucinsa da shan tabarsa duk basu canza cikin wata ɗaya ba, sun fita daga lissafi da kansu. Ta dace da abin da ke zuwa farat ɗaya kamar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, tashin asma ko haihuwa kafin lokaci, bata dace da tamowa ba.

Sai maganar jinkiri. Cuta bata zuwa ranar da yanayi ya canza. Zafi kwana 0 zuwa 3, sanyi yana jan har mako uku, maleriya kuwa ka lissafa da kanka: sauro ya ƙyanƙyashe ya girma, ƙwayar cutar ta ɗauki wajen kwana 10 zuwa 14 a cikinsa, sannan wasu kwana 9 zuwa 14 a jikin mutum, kaga wata ɗaya zuwa biyu kenan bayan ruwa. Ka zaɓi jinkirinka daga wannan ilimin tun kafin ka ga sakamako ka rubuta a littafinka. Wanda ya gwada jinkiri goma sha biyu ya ɗauki wanda ya bashi ƙimar p mai kyau ya ɓoye sauran, wannan ba bincike yayi ba, kuma estanal mai ido zai gane.

Haka kuma alaƙar ba miƙaƙƙen layi bace. Mace-mace suna hawa a tsananin sanyi su sauka a tsakiya su sake hawa a tsananin zafi. Yaɗuwar maleriya tafi ƙarfi wajen digiri 25, in zafi ya wuce 30 sosai sauron kansa baya daɗewa, ruwa mai yawa ma yana iya wanke ƙwayayensa. Kunshin dlnm na R wanda Antonio Gasparrini ya rubuta an yi shi ne don wannan, yana riƙe lanƙwasa da jinkiri lokaci guda, kuma yana zuwa da bayanan gwaji na birnin Chicago. Shawarata ka maimaita misalan da ke cikinsa layi-layi har ka gane me kowane layi yake yi, sannan ka sa naka bayanan. Idan yayi maka nauyi, ka raba zafi gida-gida, misali kwanakin da suka fi kashi 95 cikin 100 na duka kwanakin zafi ka gwada su da matsakaitan kwanaki, wannan ma karɓaɓɓe ne in ka bayyana shi.

Kar ka aro iyakar zafi daga wata ƙasa. Zafin da ya kashe mutane sama da 70,000 a Turai a bazarar 2003, a wasu wuraren zafin yau da kullum ne, kowace al'umma da inda jikinta da gidajenta suka saba, ka fitar da iyakar daga bayanan wurinka.

Mataki na 8: Jijjiga sakamakon

Ka canza lanƙwasar lokaci daga 7 zuwa 6 da 8, ka ƙara jinkiri ka rage, ka cire 2020, ka musanya ERA5 da na tasha, ka saka laima ka cire. In sakamakon ya tsaya kusan inda yake, alhamdulillahi. In ya kife da ƙaramin canji to ka faɗi hakan. Sannan ka raba shi: yara, tsofaffi, mata, maza, domin sau da yawa tasirin yana ɓoye a rukuni ɗaya, amma in rukunin yayi ƙanƙanta kar ka matsa masa.

Mataki na 9: In kana son ka kai ga sauyin yanayi kansa

Sai ka ɗauko shekara 30 ko fiye na ERA5 ko CHIRPS na wurin, ka nuna ko kwanakin tsananin zafi suna ƙaruwa, sannan ka haɗa da alaƙar da ka samo. Mataki na sama da wannan shine gwada duniyar da muke ciki da duniyar da kwamfuta ta ƙera wadda babu hayaƙin da ɗan'adam ya fitar, haka Ana Vicedo-Cabrera da abokan aikinta suka yi a 2021 da wurare 732 a ƙasashe 43, suka samu kusan kashi 37 cikin 100 na mace-macen zafi a lokacin bazara sauyin yanayin da mutum ya jawo ne sanadinsu. Ƙasashen Afirka da na kudancin Asiya kaɗan ne ƙwarai a ciki saboda rashin bayanan mace-mace na kullum, wannan giɓin shi yasa nake damuwa da ƙananan bincike masu tsabta daga irin waɗannan wurare. Amma hasashen gaba da samfuran kwamfuta na yanayin duniya da ake kira CMIP6 kar ka shige shi kai kaɗai, ka nemi masanin yanayi ku yi tare.

Mataki na 10: Rubutu da bugawa

Ka bi jerin STROBE, wato jerin abubuwan da ya kamata rahoton irin wannan bincike ya ƙunsa, wajen rubutu don kar ka manta komai. Ka bada girman tasirin da tazarar tabbas ta kashi 95, ba ƙimar p kaɗai ba, kuma ka fassara shi da maganar mutane: a kwanakin da suka fi zafi an samu ƙarin kashi kaza na kwantarwa idan aka gwada da matsakaicin kwana. Ka rubuta "yana da alaƙa da", kar ka rubuta "ya haddasa" sai in tsarin bincikenka ya kai. Alaƙar da ka gani a matakin gari kar ka mayar da ita hukunci kan mutum ɗaya. Ka faɗi cewa rajistar asibiti waɗanda suka iya zuwa asibiti kawai ta ƙirga, kuma ranar ambaliya ko tsananin zafi wasu basa iya fitowa ma. In baka samu alaƙa ba ka rubuta haka ka buga, sakamako ne.

Wajen zaɓen mujalla ka duba ko tana cikin DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko PubMed, ka guji masu turo imel suna alƙawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya. Mujallu da yawa suna yafe kuɗin bugawa ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai ka nema lokacin da kake tura takardar ba bayan an karɓa ba. Ka ajiye umarnin R ɗinka a shafin ajiya na intanet irin GitHub ko OSF don wani ya iya maimaitawa, banda bayanan marasa lafiya. Sannan ka rubuta shafi ɗaya da harshe mai sauƙi, giraf ɗaya da shawara biyu ko uku, misali daga wane ma'aunin zafi ya kamata a fara gargaɗi ko wane wata ya kamata a tanadi ruwan gishiri da sukari da kayan gwaji, ka kai wa shugaban asibitin da sashen lafiya da ma'aikacin rajistar da ya baka littattafan, ka bar musu kwafi da lambar da zasu same ka in suna da tambaya.